Ɗigo Ɗaya a Kan Muryar Gwaggo

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yara suna gaishe ka. Maigidana Bakanike ma ya ce a gaishe ka, wai a tambaye ka ko har yanzu kana tsoron baƙin mai a hannu. Ciwon gwiwata da sauƙi. Ni dai har yau ban gane wannan aikin naka ba. Mutum yana kula da kwamfutoci a wurin haƙar ma'adinai, amma an karɓe masa waya tun daga bakin ƙofa, sai dai a rubuta wasiƙa a bai wa direban kayan abinci kamar zamanin kakanni. To, Allah ya sa wata shidan nan su wuce lafiya.

Nemi wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ranar Lahadi muka buɗe akwatin ƙarfen Baba, Allah ya jiƙansa. Tun rasuwarsa nake ɗaga ranar, zuciyata ba ta so. A can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin takardun aikinsa, na sami kwalin takalmi da kaset goma sha biyu a ciki. Sha ɗaya an rubuta musu "Zuwa ga Yaya" a jiki. Rubutun Gwaggo ne, mahaifiyarka, ƙanwar Baba. Ashe lokacin da Baba yake aiki a nesa ba wasiƙa take rubuta masa ba, magana take yi a rikoda ta aika masa. Tun muna yara kake damuna da tambayar yaya muryarta take, ina ce maka na manta, domin shekarata bakwai kai biyu lokacin da ta rasu aka kawo ka gidanmu. To ga muryar nan a kwalin takalmi, shekara talatin, a ɗakin da muka tashi ni da kai.

Allah ya taimake ni ban yi garaje ba. Na ɗauko tsohuwar rikodar Baba, na haɗa ta da kwamfutar da ka bar mini, kamar yadda ka koya mini don ɗaukar tarukan ofis. Sai da na danna ɗauka sannan na kunna kaset na farko. Da ya ƙare na buɗe rikodar, sai na ga wani jan gari ya cika cikinta. Na mayar da kaset ɗin baya na sake kunnawa, babu komai sai shuuu. Zaren ya tsufa, yana wucewa yana zubar da abin da ke jikinsa. Kowane kaset sau ɗaya zai yi magana, daga nan ya mutu. Sai na yi addu'a kafin in sa sabo. Na yi huɗu, duk suna cikin kwamfutar.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba zan faɗa maka abin da take cewa ba sai ka ce in faɗa.

Wani abu kuma, tunda kai ne mai ita. Kwamfutar nan ta fara wani ƙugi, ƙulu-ƙulu, kamar cikin mai jin yunwa. Daga wajen baƙaƙen tiyon nan biyu yake fitowa, waɗanda ake gani ta gilashin gefe. Da safe ya fi yawa idan na kunna ta. Ko abinci take so?

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai zafi da ƙura. Ki gaishe da yara da Oga Bakanike, ki ce masa baƙin mai nasa ne, na bar masa gado.

Yaya, sau uku na karanta wasiƙarki a bayan ɗakin janareta, don kada mutum bakwai da muke ɗaki ɗaya su ga fuskata. Kada ki faɗa mini komai. Kada kuma ki aiko da shi a filas ɗin kwamfuta, masu gadin ƙofa suna ƙwace duk wani abin ajiya, ba sa mayarwa. Ina so in ji ta da kunnena, a zaune a ɗakin Kawu. Saura wata huɗu. Wanda ya jira shekara talatin zai iya.

Amma ƙugin nan ya tayar mini da hankali, don haka ki karanta wannan a tsanake ko da zai gundure ki.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, ɗan ƙarfe ne da bai fi akwatin ashana faɗi ba, amma yana zafi kamar dutsen guga. Hanya biyu ake sanyaya shi. Ta farko da iska: a ɗora masa tulin ƙarfe mai siraran faranti, fanka tana hura su. Abin da zai lalace a nan fanka ce kaɗai, kuma in ta tsaya za ki gani da idonki. Ta biyu da ruwa, ita ce a tawa. Wannan zagayayyen abu mai haske da ke tsakiya famfo ne, yana zaune a kan firosesa. Yana tura ruwa ta tiyo ɗaya zuwa ɗan lagireto da ke saman akwatin, ruwan ya huce ya dawo ta ɗayan. A rufe yake ruf tun daga masana'anta. Da shekaru suka tafi ruwan yana raguwa kaɗan-kaɗan ta jikin robar, iska ta maye gurbinsa. Iskar ce kike ji tana ƙugi a cikin famfon. Nawa ya shekara shida, ya ci zamaninsa.

Ranar da zan haɗa kwamfutar, Mai Tabarau, tsohon nan mai gyara da ke kusa da tashar mota, ya ce mini, "Fanka in za ta mutu ita kaɗai take mutuwa. Ruwa kuwa in zai tafi, da 'yan rakiya yake tafiya." Na yi masa dariya. Ina son shiru, ina son hasken nan mai canza launi, ina son abokaina su leƙa ta gilashi su ce kai. Ya ce to, amma sai ya tilasta mini na ɗauki mai fanka na ajiye. Yana nan a kwalinsa a saman wadirob ɗin ɗakina, ko buɗe shi ban yi ba.

Ga abin da nake roƙo. Ki sami ma'ajiyar waje, irin wadda ake jonawa da waya, ki kwafi komai kafin kowa ya taɓa kwamfutar. Komai, Yaya. Sannan ki kai ta wurin Mai Tabarau da kwalin nan, ya cire mai ruwan ya sa mai fanka. Za ta riƙa ɗan ƙara, amma ƙarar fanka ba ta kashe kowa.

Na san halinki, ba kya son aiki rabi-rabi, za ki ce sai kin gama sha biyun. Don Allah wannan karon ki saɓa wa halinki.

Ƙanenki.

*

Zuwa ga Injiniya mai dogon bayani,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya ƙalau, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Wasiƙarka kwana goma sha shida ta yi a hanya. Direbanku ya ce ruwa ya cinye hanya a wurare biyu. Kafin ta iso na riga na gama sha ɗaya, don haka faɗanka ya zo bayan an tashi kasuwa.

Na sha biyun ban taɓa shi ba. Babu rubutu a jikinsa, kuma zaren ya manne, na sa fensir in juya shi ya ƙi motsi. Na ji tsoron kada ya tsinke a hannuna. Na naɗe shi a hankici na jefa a durowar teburi. Wataƙila ma babu komai a ciki.

Yanzu ga labari. Kwamfutarka sau biyu tana mutuwa da kanta ina tsakiyar aiki. Lambar zafin nan da ka nuna mini a kusurwa ta kai casa'in da biyar. Na ɗauki kwalinka na tafi wurin Mai Tabarau, na tarar da kwaɗo a ƙofar shago. Maƙwabcinsa mai ɗinki ya ce an tafi da shi aikin ido, sai bayan wata ɗaya. Na dawo rai a ɓace.

Bakanike yana cin abinci na karanta masa wasiƙarka. Da na zo wurin lagireto sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Lagireto? A cikin wannan abin?" Ya tashi ya leƙa ta gilashi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba! Shekara ashirin da biyar ina wannan sana'a. Lagireton da ruwa ya ragu a ciki ai ba jefar da shi ake yi ba, ruwa ake ƙara masa. Yaran zamani komai sai a canza." Na nuna masa mai fankar, ya ɗaga shi ya ce wannan bulo ne, wa zai cire injin ruwa ya koma fifita.

Na ce ka ce kada kowa ya taɓa. Ya ce canzawa kake nufi, shi kuwa ba zai canza komai ba. Ya nemi murfin da ake zuba ruwa bai samu ba, ya ce wannan mugunta ce ta masu ƙerawa. Sai ya sa reza ya yanke tiyo ɗaya kusa da famfon, ya zuba koren ruwan lagireton mota da sirinji har ya cika, ya haɗa bakin biyu da ɗan guntun bututun mai, ya ɗaure da kilif biyu. Aiki tsaf, wallahi, kamar ɗinkin likita. Ya kunna ta awa ɗaya yana shafa wurin da yatsa. Ko danshi babu.

Injiniya, ƙugi ya tafi! Lamba ta sauko arba'in. Shiru kake ji kamar ba a kunna ta ba. Bakanike sai yawo yake a tsakar gida yana cewa a faɗa wa mai digiri tsohon hannu ya gaishe shi. Ka ga abin da babba ya hango yana zaune.

Kwafin kuwa zan yi, kada ka cinye ni. Tunda ta warke babu gaggawa. Ina so in gama yanke shuuu ɗin farko da na ƙarshe, in sa wa kowanne suna da lamba, sannan in kwafa gaba ɗaya a tsare.

Yayarka, matar babban injiniya.

*

Ƙanena,

Sallama. Kowa lafiya. Na san amsarka ba ta isa zuwa ba, kwana takwas ke nan da na aika waccan. Amma na sami wani ma'aikacinku da zai koma daga hutu, na ce bari in ba shi wannan.

Ban son yadda nake ji.

Shekaranjiya na shiga ɗakin na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na garejin Bakanike. Na duba ko'ina ban ga komai ba. Jiya da rana ta shigo ta taga ta haska gilashin, sai na ga ɗan tabo kore a ƙasan akwatin daga ciki, bai fi ƙwayar wake ba. Ya bushe. Na kira Bakanike. Ya ce ragowar ranar da ya zuba ne. Na ce ranar na goge wurin da hannuna. Ya ɗauko sukundireba ya ƙara matse kilif ɗin, ya naɗa ɗan tsumma a wurin. Ya ce, "Ɗan tsatsa ba ya hana mota tafiya. Akwai motar da na yi shekara uku ina ƙara mata ruwa kullum safe, har yau tana kan titi." Ya faɗa yana dariya, amma bai kalle ni ba.

Yau da safe na taɓa tsumman. Da sanyi-sanyi.

Na kashe ta, ban ƙara kunnawa ba. Na ɗauko wasiƙarka na sake karantawa, na ga inda ka ja layi ƙarƙashin "ki kwafi komai". Ka yi gaskiya, ni ce mai taurin kai. Na bar maganar sa suna da lamba. Wata abokiyar aikina za ta kawo mini ma'ajiyar waje ranar Asabar, ina karɓa zan kunna ta sau ɗaya tak in kwashe komai kamar yadda ka ce, sannan in rufe ta da zane har Mai Tabarau ya dawo. Ka kwantar da hankalinka, wannan karon maganarka zan bi.

Yayarka.

*

Yaya,

Sallama. Lafiyata ƙalau. Yau Alhamis, yanzu direba ya miƙo mini wasiƙarki ta labarin gyaran Oga Bakanike, kuma a tsaye nake rubuta wannan a kan bonet ɗin motarsa don ya juya da ita.

KADA KI KUNNA TA. Ko don kwafi. Ki manta da abin da na ce a waccan wasiƙar, wancan kafin a yanke tiyo ne. Ki zare wayar wuta daga bango yanzu.

Ba raina aikin Oga nake yi ba, a mota babu kamarsa. Amma mota in ta ɗiga, a ƙasa take ɗiga. Wannan a kan wuta take ɗiga. Tiyon nan ba irin na mota ba ne, cikinsa akwai wata siririyar roba mai tauri da kilif ba ya kama ta, in aka matse sai ta tsage. A sanyi zai yi kamar ya riƙe. Da ruwan ya ɗumi ya kumbura, sai ya nemi hanya.

Ki leƙa ƙarƙashin famfon, daidai inda ya yanke. Za ki ga wani ɗan siririn abu baƙi kwance a jikin babban allon ciki, tsawon yatsa, da sukuru ɗaya a ƙarshensa. Wannan ita ce ma'ajiya. Duk abin da kika ɗauka yana cikinta. Tsakaninta da yankan nan bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma ita ce a ƙasa. Ki kwance sukurun, za ta ɗago da kanta, ki zare ta a hankali ki sa a ambulan. Shi ke nan. Aikin minti biyu ne, ko ke za ki iya. Sauran kwamfutar ta ƙone in ta ga dama.

Na je ofishin manaja na roƙi wayarsu. Ya ce doka ce, sai haɗari ko mutuwa. Na ce mutuwa ce. Ya ce wa ya rasu? Na ce mahaifiyata. Ya miƙe tsaye yana mini ta'aziyya, ya ce yaushe? Na ce shekara talatin. Ya dube ni, ya koma ya zauna, ya ce in je in sha ruwa in huta, rana ce ta buge ni.

Direba yana ta hon. Ya ce in hanya ta yi kyau kwana goma. Allah ya sa kina nan kina sa musu suna da lamba, Allah ya sa halin nan naki ya cece mu.

Ƙanenki.

*

Yaya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Wanda kika ba wasiƙa ya tsaya jinyar matarsa a hanya, sai yau ya iso. Na karanta maganar tsumma mai sanyi, na karanta maganar Asabar. Na ƙirga da yatsu. Asabar ɗin ta wuce da kwana tara.

Ban san ko tawa ta isa kafin Asabar ɗin ba. Na san ba ta isa ba, amma ina ta ƙirgawa ko lissafin zai canza. Abinci ba ya shiga. Jiya na kwance wata kwamfutar ofis da babu abin da ya same ta, na sake haɗawa, don kawai hannuna ya sami abin yi.

Ko mene ne ya faru, ki rubuto. Shirun ya fi mini ciwo.

Ƙanenki.

*

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya. Wasiƙunka biyu suna gabana. Ta farkon ta iso ranar Laraba, kwana huɗu bayan Asabar. Sati biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka yafe mini shirun, na rasa ta inda zan fara ne.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo ma'ajiyar. Na taɓa tsumman na ji ya bushe, na ce alhamdu lillahi. Na yi bisimilla na kunna. Ta tashi lafiya lau, shiru, hasken nan naka yana canza launi. Ka ce komai, sai na zaɓi komai, na tura. Ta rubuta saura minti arba'in. Na ja kujera na zauna ina kallon koren layin yana tafiya. Ban san daga sama take farawa ba. Takardun ofis ta fara ɗauka, su ne a farko. Na Gwaggo suna can ƙasa.

Da ya rage minti ashirin da biyu na ji warin nan. Na leƙa ta gilashi. Tsumman ya yi duhu, kuma a bakinsa akwai ɗigo ɗaya yana rataye, kore, yana ƙyalli. Na gan shi da idona, ƙanena. Na tsaya ina tunani, in kashe ne ko in bari ta ƙarasa, saura kaɗan ta kai kansu. Ban gama tunanin ba ya faɗi. Wani ɗan ƙara ta yi, tas, kamar an karya tsinken ashana. Hasken ya ɗauke. Sai ɗan hayaƙi siriri da ƙaurin roba.

Mai Tabarau ya dawo da bandeji a ido ɗaya. Bakanike ne ya ɗauki kwamfutar a ka har shagon, ya ƙi hawa mota. Tsohon ya zare 'yar ma'ajiyar, sukuru ɗaya kamar yadda ka ce, ko minti biyu bai yi ba. Ya sa ta ƙarƙashin gilashin ƙara girma ya daɗe yana dubawa. Ya nuna mini wani baƙin rami kamar na allura a kan ɗan abin da ke riƙe ajiyar. Ya gwada ta a na'ura uku. Ya aika wa wani da ya fi shi kayan aiki, aka dawo da ita bayan kwana biyar. Babu. Bai ce ai na faɗa ba. Ya ga kwalin mai fankar a hannuna har yanzu da ledarsa, ya kawar da kai kawai.

Abin da na tsira da shi: rahoton taruka na shekara uku, da jerin sunayen waɗanda suka zo aiki a makare.

Bakanike ba ya cin abinci a gida. Yana fita da sassafe, in ya dawo ya zauna a ƙofa. Jiya ya ce in rubuta maka cewa shi ne, kada ka ga laifina. Ya ce, "Na ɗauka duk ruwa ɗaya ne." Amma ni na san inda laifin yake. Kwana ashirin ina da su a hannu ina yi musu kwalliyar suna. Ni na kashe Gwaggo karo na biyu, kuma ni kaɗai na ji ta, ni da na riga na san ta. Wannan ne yake hana ni sukuni.

Ka ce kada in faɗa maka komai. Yau zan saɓa, don yanzu kaina ne kaɗai ma'ajiyar da ta rage, kuma na ga yadda ajiya take yi. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, da ɗan kaushi, tana magana da sauri ta haɗiye ƙarshen kalma. Idan za ta yi dariya sai ta fara jan numfashi ta hanci, kamar yadda kake yi. A kaset na bakwai tana ba Baba labarin tsadar kaya, sai aka ji kwaram, maganar ta yanke. Da ta dawo tana dariya, ana jin yaro yana gwalantu kusa da rikodar. Ta ce, "Yaya, ka ji ɗanka. Ya cire murfin batir. Wannan yaro ba ya barin abu yadda ya gan shi, sai ya ga abin da ke ciki. Ni Sarkin Taɓe-taɓe nake ce masa." Sannan ta ce, "Zo nan, zo ka gaida Kawu." Kai kuma ka yi wani ihu a bakin rikodar. Na sayi littafi, ina rubuta duk abin da na tuna, kaset bayan kaset, kafin ya gudu.

Saura abu ɗaya. Na sha biyun yana nan a durowa cikin hankici. Na kai wa Mai Tabarau ya duba bai kunna ba. Ya ce zai iya sassauta zaren a hankali ya canza masa gida, amma kamar sauran ne, sau ɗaya zai wuce. Ya ce ba zai iya sanin ko da magana a ciki ba sai an kunna. Ban yarda kowa ya ƙara taɓa shi ba. Ba zan yi komai ba sai abin da ka ce, kuma sai na tabbata wasiƙarka ta ƙarshe ce a hannuna.

Yayarka, in har yanzu kana so.

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na karanta. Na yi kwana biyu ban iya amsawa ba, yau na iya.

Ki daina cewa ke kika kashe ta. Ba don ke ba, da kaset ɗin suna can suna ruɓewa babu wanda ya ji. Ni na ɗora ruwa a kan wuta don abokai su yaba, aka ba ni mai fanka na ajiye a saman wadirob shekara shida. In za a raba laifi, kasona ya fi na kowa. Na yi baƙin ciki, Yaya, baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba. Amma ba da ke nake yi ba.

Ki ce wa Oga Bakanike ya shigo gida ya ci abinci. Ki ce ina da aiki gare shi: ya duba bel ɗin rikodar Kawu, ya tabbata ba zai tsinke ko ya ja zare ba. Bel dai na san babu wanda ya fi shi sani.

Na sha biyun ki bar shi a hankicinsa. Saura kwana hamsin da uku. Ranar da na dawo za mu kai wa Mai Tabarau tare, sannan mu zauna a ɗakin Kawu, ni da ke da Oga da yara. Kowa ya ajiye wayarsa tana ɗauka, ko guda goma ne. Amma ni ba zan kalli kowace na'ura ba, zan rufe ido in saurara. In da magana a ciki, sau ɗaya ya ishe ni. In kuma shuuu ne kawai, sai ki buɗe littafinki ki fara daga kaset na ɗaya, ki yi sauri ki haɗiye ƙarshen kalma yadda take yi.

Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe a kan maganar, babu wata a hanya.

Naki,
Sarkin Taɓe-taɓe.